Kafin Ki Ba Ɗan Gwangwan Tsohon Kwanon Kakarki

Wata ranar Talata aikin rigakafi ya kai mu wani ƙauye tsakanin Bichi da Dambatta, irin ƙauyukan nan namu da gona ke manne da gona, ba ki tafiyar minti biyar ba ki ga rumbu ko rijiya ba. Rana ta take sosai, sai aka ce mu shiga ɗakin tsohuwar gidan mu sha inuwa kafin matan unguwa su gama haɗuwa da yaransu. Ina zaune a bakin gadonta na ƙarfe ina shan ruwa, sai muka ji kiran ɗan gwangwan daga ƙofar gida. Matar jikanta ta shigo da sauri, ta jawo wani tsohon faranti da kwano daga ƙarƙashin gado, ta ce za ta karɓo bokitin roba da su, tunda sun yi tsatsa kuma ba mai amfani da su.

Tsohuwar nan da tun zuwanmu take gyangyaɗi, sai ga ta zaune daram. Ta ce, "Ajiye mini kayana. In na mutu kwa yi abin da kuka ga dama."

Na ce, "Iya, ko zan iya gani?" Ta miƙo mini. Farantin babba ne, gefensa ya ɓantare wuri uku, amma a tsakiya ana ganin tuta kore da fari da kore, ga 1960 a rubuce a ƙasanta. Kwanon kuwa fari ne mai shuɗin baki, irin wanda kowa ya sani, sai dai a jikinsa an zana makulli da jan fenti, zanen hannu, har ya ɗan karkace.

'Yar uwa, ina da yaƙinin akwai irin waɗannan kaya a gidanku, ko a ɗakin kakarki, ko a bayan rumbu ana ba kaji ruwa a ciki. Abin da nake so in faɗa miki a yau guda ɗaya ne: kada ki sayar da su a kan kuɗin tsohon ƙarfe, kuma kada ki ci gaba da zuba wa yara abinci a cikinsu. Ga dalilaina.

Labarin farantin da kwanon

Iya ta ce farantin mahaifinta ne ya sayo shi a birni bayan ya sayar da gyaɗarsa, aka sa mata a kayan ɗaki, domin shekarar samun 'yancin kai aka kai ta ɗakin miji. Ba a taɓa cin abinci a kansa ba sai ranar suna ko salla. Wurinsa yana can saman jere, inda duk wadda ta shigo za ta fara gani.

Kwanon kuwa labarinsa ya fi nauyi. Ta ce, "'Yar nan, ba ki san haraji ba. Jerena da kike jin labari, rabinsa haraji ya ci." Duk shekarar da damina ba ta yi kyau ba, aka zo karɓar haraji maigida ba shi da shi, ita ce za ta sauko da langa ɗaya ko tasa ɗaya ta aika kasuwa a ɓoye, don kada a tozarta shi a gaban mai gari. A 1979, da gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta jam'iyyar PRP ta hau mulki a Kano ta soke haraji da jangali, mijinta ya ɗauki ɗaya daga cikin sauran kwanukanta ya kai wa mai rubutu a jikin motoci, aka zana masa makulli, alamar jam'iyyar. Ya dawo mata da shi ya ce wannan kam ba mai sake raba ta da shi. Ya rasu shekaru da dama yanzu, kwanon yana nan.

Ba siyasa na zo yi miki ba. A wani gidan fartanyar NPC za ki tarar, a wani tauraron NEPU, a wani kuma gida da masara na NPN, kowa da abin da iyayensa suka bi. Abin lura shi ne, saura ƙiris wannan labari duka ya tafi a kan bokitin roba ɗaya.

Farantan juyin juya hali na Rasha

Da na dawo gida daren nan, kwanon Iya ya riƙa tuna mini wani labari daga nesa. A birnin Saint Petersburg na ƙasar Rasha akwai wata masana'antar tangaran da aka kafa tun 1744, wadda aikinta shi ne yi wa gidan sarautar Rasha farantai da kofuna da butocin shayi. A 1917 aka yi juyin juya hali, sarauta ta faɗi, 'yan gurguzu ƙarƙashin Lenin suka karɓi mulki. A lokacin sunan birnin Petrograd. Da sabbin masu mulki suka shiga masana'antar, sai suka tarar da ɗimbin fararen farantai a ajiye, an gasa su amma ba a yi musu ado ba, kowanne da tambarin sarki a gindinsa.

Ba su fasa su ba. Sai aka tara masu zane, ƙarƙashin jagorancin wani mai suna Sergei Chekhonin wanda ya karɓi sashen zane a 1918, suka shiga zana saƙon sabuwar gwamnati a kan farantan tsohon sarki: lauje da guduma, jan tauraro, zangarniyar alkama, hayaƙin masana'antu, da kalmomi masu kira ga manoma da ma'aikata. Idan kika juya irin wannan faranti, sau da yawa za ki ga tambari biyu a gindinsa, na sarkin da aka tumɓuke, wani lokaci an shafe shi da fenti, da na sabuwar gwamnati tare da shekarar da aka yi zanen. Kin ga kamar kwanon Iya ke nan: tsohon farin kwano, sabon saƙo.

Dabarar mai sauƙi ce. Takarda ta yi wuya a lokacin, mutane da yawa ba su iya karatu ba, kuma jarida ana karantawa a yar. Faranti kuwa yana cikin ɗaki shekara da shekaru, kullum ido yana kansa. Amma abin bai tafi yadda aka tsara ba. Kowane faranti da hannu ake zana shi, saboda haka ba a yi su da yawa ba, kuma sun yi wa talaka tsada. Ga yaƙin basasa, ga yunwa. Wanda ba shi da abin zubawa a faranti, ina zai sayi faranti mai ado? A 1921, da yunwa ta afka wa yankin kogin Volga, har an yi wasu na musamman don a sayar a taimaki mayunwata da kuɗin. Da yawa daga cikin kayan ƙasashen waje aka fitar da su don gwamnati ta samu kuɗin ƙetare, kuma an baje su a babban bikin baje koli na birnin Paris a 1925. Farantin da aka yi da sunan talaka, ɗakin mai kuɗi ya ƙare.

Ƙasar Sin ma ta yi irin wannan. A zamanin juyin al'adu na Mao, daga 1966 zuwa 1976, garin Jingdezhen da ya shahara da tangaran tun ɗaruruwan shekaru ya koma fitar da kofuna da farantai da mutum-mutumi masu hoton shugaban da na sojoji da manoma.

Me ya sa masu kuɗi ke rububinsu?

A yau farantan nan na Rasha suna cikin gidajen adana kayan tarihi a Landan da Saint Petersburg, kuma idan na ainihi ya fito a manyan gidajen gwanjo irin su Sotheby's da Christie's, dubban fam na Ingila ake zubawa a kansa. Masu sayen ba 'yan gurguzu ba ne, yawancinsu ma attajirai ne, irin mutanen da farantin ya zo ya yaƙa. To me suke nema?

Na farko, ƙaranci. An yi su kaɗan, cikin 'yan shekaru, kuma tangaran abu ne mai fashewa, kullum raguwa suke yi. Na biyu, kyan aiki, domin ƙwararrun masu zane ne suka yi su. Na uku, shaida: faranti ɗaya ya haɗa zamani biyu, kina riƙe da shi kina riƙe da lokacin da mulki ya sauya hannu. Na huɗu kuma, wanda ya fi shafarmu, shi ne asali. Saboda tsadarsu, jabu sun cika kasuwa, na Rasha da na Sin duka. Don haka mai saye yana tambaya: a gidan wa aka samo shi, wa ya saya tun farko, hannun wa da wa ya bi? Farantin da aka san tarihinsa ya fi wanda ba a sani ba daraja nesa ba kusa ba. Abin nufi, labarin ake saya, ba yumɓun ba.

Namu jeren ma tarihi ne

Mu a nan ba tangaran ne ya cika ɗakunan iyayenmu ba. Kakannin kakanninmu ƙwarya da akushi da faifai suka jera, sai tasa ta zo, sannan kwanon langa ya mamaye. Shi langa ƙarfe ne aka lulluɓe da wani irin gilashi aka gasa a wuta, shi ya sa yake ƙyalli kuma yake ɓantarewa in ya faɗi. A shekarun 1950 yawancinsa daga ƙetare ake kawo shi, musamman daga Hong Kong, daga baya masu sana'ar suka zo suka kafa masana'antu a Legas da Kano. Zamanin gyaɗa ne, kuɗi na shiga hannun manomi da kaka, uban amarya yana son 'yarsa ta fita kunya. Masu ƙera kwanuka sun gane abin da ke tashe shi ke sayuwa, saboda haka ban da furanni da tsuntsaye, aka riƙa fitar da kayan tunawa da manyan ranaku, kamar zuwan Sarauniya Elizabeth a 1956 da samun 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960.

Ki tuna da wani abu. A zamanin da Iya ta jera farantinta mai tuta, macen Arewa ba ta da ikon jefa ƙuri'a. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano ya yi ta kira a ba mata 'yancinsu, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da yawa a kan wannan gwagwarmaya, amma sai a 1976 aka buɗe wa matan Arewa ƙofar zaɓe, kuma a 1979 ne suka fara zaɓen gwamna da shugaban ƙasa. Duk tsawon shekarun nan, macen ƙauye ba ta hawa duro ta yi jawabi, ba ta rubutu a jarida. Bangon ɗakinta shi ne wurin da take nuna abin da take so da abin da ta mallaka. Jere shi ne adonta, shi ne bankinta, shi ne abin da take saukowa da shi ranar ciwon yaro ko ranar haraji. Littattafan tarihi sun cika da sunayen maza. Tarihin iyayenmu mata kuwa, mai yawa daga cikinsa yana ƙarƙashin gado ne, cikin kwanukan da muke kira tarkace.

Gidan Mambayya da ke Gwammaja, inda Malam Aminu ya zauna har rasuwarsa a 1983, yanzu cibiya ce ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma ana adana kayansa a can. Gidan Makama ma yana nan da kayan tarihin Kano. Amma ba gidan tarihin da zai adana labarin kakarki in ku ba ku adana shi ba.

Gaskiya ɗaya kuma, kada in yaudare ki. Farantin 1960 ba zai sa ki zama miloniya ba. An yi shi da yawa a masana'anta, ba kamar na Rasha da aka zana ɗaya bayan ɗaya ba. Duk wanda ya zo ya ce tsohon kwanonki ko dutsen gugarki na ɗauke da wani sinadari na miliyoyi, amma sai kin fara ba shi kuɗin gwaji, ɗan damfara ne, ki rufe ƙofarki. Sai dai kuma kuɗin da ɗan gwangwan zai ba ki na nauyin ƙarfe ne kawai, kuma narka shi za a yi. Abin da aka narka ba ya dawowa.

Yanzu bari nas ta yi magana

Da na tambayi Iya ko ana amfani da kwanon mai makulli, sai matar jikanta ta ce a da tana dama wa yaronta kunun tsamiya a ciki, sai da Iya ta ƙwace. Na ce mata ta gode wa Allah ta gode wa Iya.

Ba kowane tsohon kwano ne ke da illa ba, amma a da ana yawan sa dalma da wani sinadari mai suna kadmiyum a cikin launukan da ake ƙawata tangaran da langa da su, musamman ja da ruwan ɗorawa da ruwan goro. Fentin mota da na allo, irin wanda aka zana makullin nan da shi, shi ma yana iya ƙunsar dalma, kuma ba don abinci aka yi shi ba. Ido ba ya gane wanda ke da ita da wanda ba shi da ita. Abin da ke fitar da ita daga jikin kwano zuwa cikin abinci shi ne tsami da zafi da daɗewa: kunun tsamiya, zoɓo, nono, lemun tsami, miyar tumatir, musamman in sun kwana a ciki. Kwanon da ya ɓantare ko ya tsattsage ya fi haɗari, ga tsatsa, ga ɓarɓashin gilashi da zai iya shiga abinci.

Mun san abin da gubar dalma ke yi. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara. Can daga ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, kuma yawanta ya wuce abin da kwano zai bayar nesa. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa. Kaɗan-kaɗan ɗin da ke shiga kullum ba ya kwantar da yaro, shi ya sa ba a lura. Abin da yake yi shi ne taɓa ƙwaƙwalwa mai tasowa, ya rage kaifin fahimta, ya kawo ƙarancin jini. Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba tsotse ta, kuma mai ciki tana iya miƙa ta ga ɗan da ke cikinta. In kin san yaronki ya daɗe yana ci a irin wannan kwano kuma kina da damuwa, ki faɗa wa likita, domin gwajin jini ne kaɗai ke nunawa. Rigakafi ya fi magani.

To me za ki yi da su?

Ki fara da tambaya, tun masu amsar suna raye. Wayar da ke hannunki tana ɗaukar murya. Ki zauna da kakarki ko surukarki, ki ɗauko kwanon ki ce, "Inna, wannan daga ina?" Ki bar ta ta yi magana. Wa ya saya, a wace kasuwa, wace shekara, guda nawa ne a jeren, ina sauran suka tafi? Amsar wannan tambaya ta ƙarshe ita ce za ta ba ki mamaki.

Ki ɗauki hotonsa ciki da waje da gindi, domin a gindi tambarin masana'anta yake. Ki rubuta sunan mai shi da garinsu da shekarar aurenta a takarda, ki ajiye tare da shi, ki tura wa 'yan uwa muryar da hoton don kada su ɓata in waya ta lalace.

Wajen wanki, ruwa da sabulu da tsumma mai laushi sun isa. Kada ki sa toka ko yashi ko soson ƙarfe, za su cinye zanen. Ki shanya shi ya bushe sarai, ki naɗe a tsohon zane, ki ɗora a sama inda damshi da hannun yara ba sa kaiwa. Kada ki sake masa fenti don ya yi kyau, tabon da ke jikinsa na cikin shaidarsa.

Ki kuma tuna haƙƙi. Kayan ɗaki na mai ɗaki ne. Tsufa ba ya raba mace da mallakarta, ba daidai ba ne a kwashe mata kaya don an ga ba ta amfani da su. In kuma ta rasu, sun zama gado, sai da yardar magada za a sayar ko a kyautar ko a ajiye a hannun mutum ɗaya.

Sannan ki dubi naki ɗakin. Bokiti da kofin roba da atamfa masu hoton ɗan takara da aka raba a unguwarku lokacin zaɓen 2023, su ne farantan farfaganda na zamaninmu, kuma dabarar ba ta sauya ba: a sa fuskar mutum a inda za ki gan ta safe da yamma. Ki ɗebi ruwa da bokitin, amma ƙuri'arki ki auna ta da abin da aka yi miki a asibiti da makaranta da gona. Iya ba don an ba ta kwano ta so makulli ba. Kwanon nata ne tun asali, sai da aka cire mata ƙaya sannan aka zana shi.

Da za mu tafi, na ɗauki muryarta kusan rabin sa'a, na tura wa jikanta a wayarsa. Matar jikan ta tsaya a bakin ƙofa tana saurare, goye da yaron da muka yi wa allura. Ta ce shekararta shida a gidan, ba ta taɓa jin labarin harajin nan ba. Iya ta ce, "Kin taɓa tambaya?" Bokitin roba kuwa mijinta ya sayo mata ranar kasuwa.

In akwai irin wannan kwano ko faranti a gidanku, ki tambayo labarinsa a wannan makon, ki zo ki ba mu a ƙasa. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ƙara wa na raye lafiya, Ya raya mana zuri'a.